Kotun Da Ke Auna Laifin Da Ba A Kai Ga Aikatawa Ba

Mai karatu, ka taɓa lura da inda finafinai suke ajiye mugu? 'Yan sanda sun saka masa ankwa, alƙali ya buga guduma, uwar yarinyar da aka ɓata ta share hawaye, sai sunayen 'yan wasa su fara hawa. Marubutan littattafanmu ma haka suke yi, ko dai ya tuba a shafi na ƙarshe, ko ya haukace, ko mota ta bi ta kansa. Babu mai gaya mana abin da ke faruwa bayan shekara bakwai ko goma, ranar da gandiroba zai buɗe ƙofa mutumin ya fito da 'yar ledar kayansa a hannu. Ai ba sama zai tashi ba. Ɗaki zai kama a wata unguwa, ya zama maƙwabcin wani mai 'ya'ya.

To a Amurka akwai wani zaman kotu na musamman da ake yi saboda wannan ranar. Ba zaman gano ko ya aikata ba ne, wannan an gama shi tuntuni. Abin da ake so alƙali ya faɗa shi ne: wannan mutumin zai sake, ko ba zai sake ba? Wato ana tambayar ɗan'adam labarin gobe.

Asalin abin daga wata yarinya ce 'yar shekara 7 mai suna Megan Kanka, a jihar New Jersey. A ranar 29 ga Yuli, 1994, wani maƙwabcinsu da ke tsallaken titi, Jesse Timmendequas, ya yaudare ta da cewa ta zo ta ga ɗan kwikwiyo. Ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta. Sai daga baya iyayen suka ji cewa ashe sau biyu kotu tana kama shi da laifin taɓa ƙananan yara, kuma babu wanda ya gaya musu. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta: da mun sani, da ba mu bar ta ta tsallaka titin nan ba. Kafin shekarar ta ƙare jihar ta yi doka da sunan yarinyar, a 1996 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan ta tarayya, wadda ta tilasta wa kowace jiha ta riƙa sanar da jama'a labarin irin waɗannan mutane.

Amma da aka zo aiki da dokar sai aka ga cewa "irin waɗannan mutane" ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙaton da ke farautar yara a bakin makaranta. Akwai saurayi ɗan shekara 19 da ya yi lalata da budurwarsa wadda ba ta cika shekarun da doka ta yanke ba. Akwai wanda ya yi sau ɗaya cikin maye shekara 20 da suka wuce. Idan aka zuba su a kwando ɗaya aka ce duk dodanni ne, 'yan sanda ba za su san wa za su fi sa wa ido ba. Shi ya sa jihohi da dama suka karkasa su mataki-mataki. Bari mu ɗauki jihar Niyok, domin tsarinta a rubuce yake dalla-dalla.

A can, tun 1996, idan mai irin wannan laifin ya kusa fitowa, wata hukuma ta ƙwararru takan cike masa takarda mai tambayoyi 15, kowace da makinta, sai ka ce jarrabawar makaranta, illa dai a nan mai yawan maki shi ne ya faɗi. Ya yi amfani da makami? Maki 30. Mutum biyu ya cuta? Maki 20, in uku ne ko fiye, 30. Wadda aka cuta ba ta wuce shekara 10 ba, ko tsohuwa ce da ta kai 63? Maki 30. Baƙuwa ce da bai sani ba? Maki 20. Yana da tarihin shaye-shaye? Maki 15. Haka dai har ƙarshe. Wanda jimillarsa ba ta wuce 70 ba, mataki na ɗaya, haɗarinsa kaɗan ne. Daga 75 zuwa 105, mataki na biyu. Daga 110 zuwa sama, mataki na uku, shi ne ake ganin ya fi kowa yiwuwar maimaitawa. Sai a kai takardar gaban alƙali, lauyan gwamnati ya kawo hujja a kan kowane maki, shi ma mutumin yana da lauyansa. Alƙali yana da ikon ya ɗaga matakin ko ya sauke shi idan an nuna masa wani abu da takardar ba ta hango ba. Akwai kuma abubuwan da kai-tsaye suke jefa mutum mataki na uku ko da makinsa bai kai ba, kamar a ce an taɓa ɗaure shi a kan babban laifin lalata a da, ko ya yi wa wadda ya cuta mummunan rauni.

Kada ka ɗauka lamba ce kawai a takarda. Ɗan mataki na ɗaya zai yi shekara 20 a rajista, kuma ba a manna hotonsa a shafin intanet na jama'a. 'Yan mataki na biyu da na uku kuwa rajistarsu ta har abada ce, hotonsu da adireshinsu suna nan kowa ya duba, mai gidan haya da mai ɗaukar aiki da surukin gobe. Na mataki na biyu sai ya shekara 30 kafin ya iya roƙon a cire sunansa. Na uku kuma duk kwana 90 sai ya kai kansa ofishin 'yan sanda ya tabbatar da inda yake kwana.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi tare. A ce wani ya sadu da yarinya 'yar shekara 16, wannan maki 25 na saduwar da 20 na shekarunta. Yana shan giya, ƙara 15. Jimilla 60, mataki na ɗaya ke nan. To amma a ce ya cinye wa'adinsa kaf a gidan yari, har ya fito babu sauran jami'in da zai riƙa sa masa ido. Takardar ta ce wanda aka saka babu sa-ido a ƙara masa 15. Ya zama 75. Ya haye mataki na biyu, sunansa ya shiga intanet har ya mutu. Me ya ƙara aikatawa tsakanin 60 da 75? Babu. Masu tsarin suna da hujjarsu, wai wanda ba a sa wa ido ya fi sauƙin zamewa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma gwamnati ce ta zaɓi kada ta sa masa ido, sannan ta dawo ta rubuta masa wannan a matsayin nasa laifin. Ni kam wannan bai kwanta mini ba.

Akwai wata tambayar a takardar da ta fi wannan tsaya mini a rai: ya amsa laifinsa? In bai amsa ba, maki 10. In ya ƙi zuwa ajin gyaran hali ko aka kore shi, 15. Da jin wannan zuciya za ta ce daidai ne, domin mu duka mun tashi da sanin cewa wanda bai yi nadama ba bai tuba ba. Sai dai a 1998 wasu masana biyu 'yan Kanada, Karl Hanson da Monique Bussière, sun tattara bincike 61 da aka yi a kan dubban masu irin wannan laifin, don su ga wane hali ne yake nuna wanda zai sake. Musun laifi bai fito a cikin alamomin ba. Mai kuka da majina a gaban alƙali da mai taurin kai da ya ce shi bai yi ba, babu wani bambancin kirki a yawan komawarsu. Abubuwan da suka fi nunawa su ne karkatacciyar sha'awa, musamman ta yara, da yawan laifuffukan baya, da rayuwar rashin bin doka gaba ɗaya. Kai da ke kallon fim ai ka fi kowa sanin cewa hawaye sana'a ce, akwai masu cin abinci da ita. Sannan ka tuna da wanda aka ɗaure bisa kuskure, domin ana yi. Shi gaskiyarsa ce za ta jawo masa maki 10, maƙaryacin da ya iya langaɓe kai kuma ya wuce salin-alin.

Shi wannan Hanson ɗin, tare da wani Baturen Ingila David Thornton, su suka fito da ma'aunin da ya fi kowanne yaɗuwa a duniya a 1999, ana kiransa Static-99. Tambayoyi 10 ne kacal, kuma ba ruwansu da abin da ke cikin zuciya. Shekarunsa nawa ranar fita? Ya taɓa zaman aure ko makamancinsa na shekara biyu? Sau nawa aka taɓa yanke masa hukunci? Wanda ya cuta ɗan'uwa ne ko bare? Namiji ne? An gwada shi a ƙasashe da yawa, kuma ya fi hasashen likita ko alƙali da ke dogara da "yadda na ga idonsa". Amma ƙarfinsa matsakaici ne. Idan ka ɗauko mutum biyu, ɗaya ya sake ɗaya bai sake ba, kusan sau 7 cikin 10 ma'aunin zai ba wanda ya sake maki mafi yawa. Sauran ukun fa? Ya juya su.

A nan ne maganar ta bar hannun masu lissafi ta dawo hannunmu. Wanda ya kalli fim ɗin Minority Report na Steven Spielberg, wanda ya fito a 2002, zai tuna da 'yan sandan da ke kama mutum kafin ya yi kisa, saboda wasu bayin Allah uku da ke kwance cikin ruwa suna hango abin da zai faru. Ko a fim ɗin, inda masu hangen suke ganin fuskar mutum da sunansa, tsarin rushewa ya yi. Alƙalin Niyok bai da ko wannan gatan. Abin da ma'auni yake gaya masa shi ne: cikin mutum 100 masu kama da wannan, kaza za su sake. Bai ce wannan na gabanka yana cikinsu ba. A wani bincike da Hanson da abokan aikinsa suka buga a 2014, kashi 22 cikin 100 na waɗanda aka sa a rukunin mafi haɗari ne aka samu da sabon laifin lalata cikin shekara 5 da fitowarsu. Wato ko a cikin "mafi haɗari", 78 ba a sake kama su ba. Ana ɗora wa mutum nauyin abin da masu kama da shi suka aikata. Da a shari'ar farko ce wani lauya ya ce a ɗaure wannan domin yawancin masu irin tarihinsa ɓarayi ne, da alƙali ya kore shi.

Yaya aka yi kotunan Amurka suka haɗiye wannan? Da dabarar suna. A 2003, a wata ƙara daga jihar Alaska, Kotun Ƙoli ta ce rajista ba horo ba ce, tsari ne na kare jama'a, kamar dai yadda ake killace mai cuta mai yaɗuwa. Tunda ba horo ba ce, ana iya ɗora ta har a kan wanda ya yi laifinsa kafin a kafa dokar. Mai shari'a Anthony Kennedy ya kafa hujja da cewa yawan komawar waɗannan mutane abin tsoro ne, yana jingina da wani hukuncin da ya rubuta a 2002 inda aka ambaci kashi 80 cikin 100. A 2015 wani farfesan shari'a, Ira Ellman, da Tara Ellman suka bi sawun wannan lambar har gidanta. Ka san inda ta fito? Daga wata maƙala a mujallar Psychology Today ta 1986, wadda wani mai ba fursunoni shawara ya rubuta, babu wani bincike da ya kawo a bayanta. Alhali ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ya bi mutum 9,691 da aka saka a 1994, ya tarar kashi 5.3 ne aka sake kamawa da laifin lalata cikin shekara 3. Wani bin sawun na shekara 9, wanda aka fitar a 2019, ya ba da kashi 7.7. Dubi tazarar da ke tsakanin 80 da 8, sannan ka tuna da yawan kotunan da suka yi ta kwafar maganar Kennedy.

Kafin ka ce na zama lauyan 'yan fyaɗe, tsaya ka ji ɗaya ɓangaren, domin yana da nauyi. Duk waɗannan alƙaluman na waɗanda aka kama ne. Fyaɗe kuwa laifi ne da aka fi binnewa, a can da nan. Yarinya ta ji tsoro, uwa ta ji kunya, dangi su ce a rufa asiri. Wanda takarda ta ce "bai sake ba" yana iya kasancewa ya sake sau biyar, ya dai ƙara wayo. Kuma kuskuren alƙali iri biyu ne da ba su yi daidai a sikeli ba. In ya ɗaga matakin wanda ya shiryu, an zalunci baligi mai laifin baya, ya rasa aiki da ɗakin haya. In ya sauke matakin wanda bai shiryu ba, wadda za ta biya kuɗin kuskuren yarinya ce da ba ta san an yi zaman ba. Ka je ka gaya wa mahaifiyar Megan cewa kashi 5 ne kawai. Za ta ce maka 'yarta ba kashi ba ce. Wanda ya ce kada a auna kowa sam, a saki kowa a manta, shi ma ya yi hasashe, ya dai yi shi ne ido rufe.

Don haka ni ban ga laifin aunawa ba. Dole ce. Likita yana yi, mai ba da bashi yana yi, uban da ke binciken manemin 'yarsa ma hasashen gobe yake yi da labarin jiya. Kuma auna mutum ɗaya-ɗaya ya fi abin da dokar tarayya ta Adam Walsh ta kawo a 2006, inda sunan laifin da aka ɗaure ka a kai kaɗai ke yanke matakinka, ba tare da an dubi kai wane ne ba. Da aka gwada wannan tsarin a jihohi huɗu, sai aka ga matakansa ba sa nuna wanda zai sake, a Florida ma 'yan mataki na biyu sun fi na uku komawa. Inda nake da ja shi ne abin da ake yi da sakamakon. Hasashe mai kuskure sau 3 cikin 10 ya isa a ce a ƙara sa wa wane ido, a hana shi aikin makaranta, a tilasta masa ganin likita. Bai isa a rataya masa allo a wuya har kabari ba.

Kuma allon yana da nasa ɓarnar. A Miami, dokar da ta hana su zama kusa da makaranta ko wurin wasan yara da tazarar ƙafa 2,500 ta sa babu unguwar da ta rage musu, har mutum fiye da 100 suka tare a ƙarƙashin wata gada, sai a 2010 aka tashe su. Mutumin da ba shi da ɗaki, ba aiki, ba mai gaishe shi, me ya rage masa da zai ji tsoron rasawa? A jihar Maine, a 2006, wani saurayi ya buɗe rajistar a intanet, ya kwafi adireshi, ya je ya harbe mutum biyu har lahira. Ɗayansu laifinsa shi ne tarayya da budurwarsa tun yana ɗan shekara 19, ita kuma saura ƙiris ta cika 16.

Sai kuma babbar illar da ba a cika faɗa ba. Rajista tana koya wa iyaye su riƙa leƙen baƙon fuska a bakin layi. Amma ƙididdigar da gwamnatin Amurka ta fitar a 2000 ta nuna cewa cikin yaran da aka kai ƙarar an yi lalata da su, kashi 93 sun san wanda ya yi, kusan kashi ɗaya cikin uku ma ɗan gida ne. Wani binciken a Niyok ɗin kanta, a 2008, ya gano fiye da kashi 95 na waɗanda aka kama da laifin lalata ba su taɓa shiga hannu a kan irinsa ba, wato babu sunansu a kowace rajista. Uwa ta duba intanet ta ga layinsu babu kowa, ta yi barci da minshari, alhali kawu yana ɗakin zaure. Wannan kam ba sai an je Amurka ba, duk mai karanta littattafan matan marubutanmu ya sha cin karo da shi.

Mukan ce hali zanen dutse ne. Ma'aunin Static-99 ma kusan haka ya ɗauka, domin sunansa yana nufin abin da ba ya motsi: tarihinka ba ya gogewa, makinka na jiya shi ne na gobe, in ban da shekaru da ke rage shi. Amma binciken nan na 2014 ya zo da wani abu. Waɗancan 'yan rukunin mafi haɗari masu kashi 22, da aka dubi waɗanda suka yi shekara 10 a gari ba su sake ba, haɗarinsu na shekara 5 masu zuwa ya sauko zuwa kashi 4.2. Ashe dutsen ma ruwa yana cinsa a hankali. Kotu ba ta iya leƙa zuciya ta ga tuba, wannan ba aikinta ba ne. Amma tana iya ƙirga shekaru, kuma shekara 10 na kame kai hujja ce da ta fi hawayen rana ɗaya. Ingila ta kama wannan hanyar: a 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sa mutum a rajista har abada ba tare da damar sake duba lamarinsa ba ya saɓa wa haƙƙinsa, daga 2012 kuma aka ba baligi damar neman a duba shi bayan shekara 15. Can kuma ba a baza sunaye a intanet, uwa ko uba ne ke zuwa wurin 'yan sanda su tambaya game da takamaiman mutumin da ke kusantar ɗansu.

Abin ya fara zuwa ƙofarmu. Jihar Ekiti ta buɗe rajistarta a 2013, Legas a 2014, dokar hana cin zarafi ta tarayya ta 2015 ta tanadi a ajiye sunayen waɗanda kotu ta kama da laifin, a Nuwamba 2019 kuma aka ƙaddamar da rajista ta ƙasa a hannun hukumar NAPTIP. A ƙasar da mai kuɗi ke sayen shiru, kuma ake aurar da yarinya ga wanda ya ɓata ta don a kashe magana, ba ni da bakin cewa kada a rubuta sunan kowa. A rubuta. Amma tambayoyin da Amurkawa suka shafe shekara 30 suna kokawa da su za su iso mu ɗaya bayan ɗaya: ɗan shekara 18 da tsohon da ya lalata yara goma layi ɗaya za a sa su? Wa zai auna, da wane ma'auni, tunda na Kanada da fursunonin Turai da Amurka aka gina shi? Kuma idan mutum ya yi shekara 20 bai ko ɗaga ido ya kalli 'yar kowa ba, wane ofishi zai je, wa zai sa hannu a goge sunansa?